Minjiryar da Yaya Ya Sa Na Kamo

Na sha wahala a daminar nan, kuma ba zan yi wa zancen ado ba. Na haura shekara talatin ina su a ruwan nan namu na gabas da Haɗeja. Jirgi ya kife da ni sau biyu, maciji ya taɓa sara na a cikin ciyawar ruwa, amma duk ban ji tsoron da na ji a kwanakin da na ajiye minjirya a randa bayan ɗakin yayana ba.

Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ya rene ni. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗora ni a kan goran su ya tura ni tsakiyar ruwa, shi ya koya mini saƙar koma da gyaranta. Bokona bai wuce aji uku ba, don shi ya ce in fito in kama sana'a, na fito. Shi ya zaɓa mini fegin da na gina ɗaki a jikin gidansa. Har na yi furfura a gemu ban taɓa ce masa a'a ba. Ba don yana duka ba. Haka dai na tashi na ga ana yi, kuma galibi in ya faɗi abu yakan zama daidai. Auta yake kira na, ko a gaban 'ya'yana.

Ciwon ya fara masa a cinyar hagu, sama da gwiwa kaɗan. Muka ce sanyin ƙashi ne, wane masunci ne ba ya da shi? Wanzami ya yi masa ƙaho har sau uku. Da wurin ya kumbura ya yi tauri kamar an cusa dutse, muka kai shi asibiti a Haɗeja, su kuma suka tura mu Kano. A can aka ce ciwon daji ne, ya ci ƙashin, ya kuma wuce wasu wurare. Likitan bai ɓoye mana ba. Ya ce mu koma gida mu kula da shi. Suka ba mu wani maganin ruwa a kwalba, da takarda, suka ce in ya ƙare a je da takardar asibitin Haɗeja a karɓo wani.

Maganin yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai yana kwantar da mutum. Yaya ya sha da hantsi, sai ya buɗe ido ya ga kaji suna shiga akurki. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ranar da hakan ta faru karo na uku ya kira ni ya ce, "Auta, ni da ake shirin kira na kwanan nan, a haka za ku tura ni, ina ta barci kamar jaririn kwana bakwai ana kiran salla a kaina?"

Na ce liman ya ce mara lafiya in ya farka ya rama, babu laifi.

Ya ce, "Na riga liman sanin wannan. Ni dai ba na so. In kwalbar nan ta ƙare, kada wanda ya sake karɓo mini."

Kwalbar ta ƙare a tsakiyar damina, daidai lokacin da ruwa ya cinye hanyarmu. Kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana kogi, ita ke juyar da ruwa ya hau gonaki da hanya duk shekara. In za ka Haɗeja sai ka yi rabin yini a jirgi kafin ka kai bakin kwalta ka sami mota. Ba abin da ya gagare ni ba ne. Hanin Yaya ne ya zaunar da ni.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Mutumin da ƙugiya ta taɓa shiga tafin hannunsa ya yanke naman da wuƙa ya ciro ta bai ce uffan ba, shi ne ya koma yana cizon igiyar koma yana gurnani. Da rana tsaka abin ya fi tashi. Muka kwashe yaran gidan muka kai su gidan maƙwabta. Matarsa, wadda tun ina saurayi nake kiranta uwar gida muna wasan ƙanin miji, sai ta ɗauki taɓarya ta yi ta dakan turmi don kada masu wucewa su ji muryarsa. Wata rana na leƙa turmin. Babu komai a ciki.

Ana cikin haka malamin dabbobi ya zo. Shanun Fulani sun maƙale a wani tudu da ruwa ya kewaye, aka turo shi ya yi musu rigakafi, ni na ɗauko shi a jirgi. Tsohon sani ne, sa'an Yaya, Bafulatani ne amma ɗan gari. Mu kuma kakarmu Babarbariya ce, don haka akwai wasa tsakaninmu. Da ya gama da shanun ya ce sai ya duba Yaya.

Ya shiga ya ga yadda mutumin ya koma, amma ya dake ya ce, "Kai, Babarbare, ashe ragwanci ne ya kwantar da kai? An ce mini ba ka da lafiya, na zo na tarar kana hutawa ana yi maka fifita."

Yaya ya ce, "Bawana ya zo gaishe da ubangidansa. Zauna a ƙasa, kada ka hau mini tabarma da kashin shanu."

Suka yi dariya kaɗan. Malam ya zauna yana ta kawo labarai don ya ɗauke masa hankali. A cikin labaran ne ya ce an taɓa tara su wani taron ƙara ilimi, wani likita ya ba su labarin abin da masu bincike ke yi a ƙasashen waje. Wai sukan sami ɓera mai irin wannan ciwo a ƙashin ƙafa, su tsira masa allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki, su haɗa su da waya, su riƙa sakar masa lantarki kaɗan-kaɗan. Ɓeran da ke ɗage ƙafa saboda zogi sai a ga ya fara taka ta.

Yaya ya daina motsi. Ya ce, "Ya warke?"

"A'a. Ciwon yana nan. Raɗaɗin ne ke sauka."

"Yana sa shi barci?"

Malam ya ce, "Ban ji an ce ba. Kai, ɓera ne fa. Ko ka koma ɓera ne ban sani ba? Da ma kun yi kama ta wajen son hatsin mutane."

Washegari na mai da Malam bakin kwalta na dawo da yamma. Ko filafilin tuƙin ban ajiye ba Yaya ya kira ni.

"Auta, gobe ka kamo mini minjirya. Mai rai."

Wanda bai san ruwa ba, minjirya kifi ce mai taushin jiki da ƙaton ciki, ba ta da ɓawo, idanunta ƙanana kamar na mai jin barci. In ka taɓa ta sai ta ja ka kamar ka kama wayar wuta. Ta taɓa ja na ina saurayi, hannuna ya mutu tun safe har azahar. Akwai mutumin garinmu da ta ja a ruwa mai zurfi, ya saki goransa, sai washegari aka tsamo shi. Mu in ta shiga tarko ba ma wasa da ita, da busasshen itace muke gamawa da ita tun daga nesa.

Na ce, "Yaya, shi fa allura ya ce, da na'ura."

"Allurar mece ce? Hanya ce kawai da wutar za ta bi ta shiga. Ruwa ma hanya ne. Kai ranar da ta ja ka, taɓa ta ka yi?"

Na ce a'a, ta jiƙaƙƙiyar koma ta biyo.

"To. Ka zuba ruwa a baho, ka sa ta, in sa ƙafa. Su suna sayen wuta, mu Allah ya ajiye mana ita a kogi."

Maganar ruwan gaskiya ce. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da shirme ya faɗa da na sami bakin musu.

Washegari na tafi duba malina, tarkunan nan na raga da muke jerawa a gefen ciyawa. A na huɗu na same ta. Na daɗe ina kallonta, sannan na buɗe bakin tarkon da kara na bar ta ta fice. Na dawo na ce ban samu ba. Rana ta biyu ban ma duba wurin da nake zaton samu ba. Da na shigo na ce babu, Yaya yana kwance gumi ya jiƙa matashinsa, leɓensa duk ya fashe da cizo. Ya dube ni ya ce, "Ka samu ka saki, ko? Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka kalli ƙafarka." Bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa bango, abin ya sake taso masa, uwar gida ta ɗauki taɓarya.

Rana ta uku na kawo ta.

Babba ce, tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, ga kauri. Na sha fama kafin in juye ta a bokiti. Tun a cikin tarkon ta kashe ƙananan kifayen da suka shiga tare da ita. Na tura ta da busasshen kara ta yi ta sakin wuta, na ɗaga tarkon ta saki, a hanya duk lokacin da jirgi ya karkata ruwan bokitin ya motsa sai in ga ta ƙanƙame jiki. Kafin mu iso gida ta yi laushi.

A nan ne na kawo tawa dabarar, wadda a lokacin na ɗauka hankali ne. Na ce, "Yaya, su ma masu binciken ba da mutum suka fara ba. Da dabba suka fara. Bari in gwada tukuna."

Uwar gida tana da wata tsohuwar akuya mai kumburi a gwiwa, ta daɗe tana ɗingishi. Ban san ko irin ciwon Yaya ne ba, amma kumburi ne, kuma a ƙafa. Da ta ga na nufi akuyar da igiya ta ce, "Kai, mijin wahala, me akuyata ta yi maka? Ga naka awakin can."

Na ce nawa lafiyarsu ƙalau.

"To in ta mutu kai za ka feɗe, kuma ko hanji ba za ka ci ba."

Muka jawo Yaya bakin ƙofa a kan tabarma don ya gani. Na juye minjiryar a baho, na ƙara ruwa, na sa takalmin roba, na naɗe hannuna da busasshen buhu na kama akuyar na tsoma ƙafar. Na zungure kifin da kara. Akuyar ta zabura, ta yi wani kuka, ta saki fitsari, ta fizge ta ruga bayan rumbu. Kuma na rantse da ƙafa huɗu ta ruga. Yanzu na san ko ni aka yi wa haka zan manta da ɗingishi in gudu. A lokacin ban yi wannan tunanin ba. Yaya ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa irin wannan an yi wata guda. Jimawa kaɗan akuyar ta fito tana cin dusa kamar ba a yi komai ba.

Ya ce, "Ka gani? Kawo bahon."

Da a lokacin aka yi, wataƙila da ba ni da labarin bayarwa. Amma sai muka ji sallama. 'Yan'uwan uwar gida ne maza biyu, sun taso daga wajen Guri a jirgi sun zo dubiya. Yaya ya yi mini ido, na ja bahon bayan ɗaki na juye kifin a tsohuwar randa na rufe da faifai. Ba ya so surukai su koma gida su ce ya fara taɓuwa. Aka yi ta ruwan sama, baƙin suka kwana biyu.

Ga kuskurena, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Kowane masunci ya san wutar minjirya ƙarewa take yi kamar batirin tocila. In ta yi ta saki sai ta koma ba ta fi cizon cinnaka ba, in ta huta ta ci ta ƙoshi sai wutar ta dawo cike. Na san wannan tun ban fara gemu ba. Wadda na gwada a kan akuya gajiyayyiya ce da ta yi rabin yini tana faɗa da ni. Wadda ke cikin randa kuwa kwana biyu ta yi a inuwa babu mai taɓa ta, kuma ni da hannuna nake canja mata ruwa ina jefa mata ƙananan karfasa safe da yamma, don kada ta mutu a sake tura ni kamo wata. Ban haɗa biyun a kaina ba. Hankalina yana kan kukan da Yaya ke dannewa a gaban surukansa.

Baƙi suka tafi da sassafe. Da hantsi muka fito da shi bayan ɗaki, muka zaunar da shi a kan turmin da aka kife. Ya ce kada wanda ya riƙe shi, don kada ta biyo ta jikinsa ta ja wani. Uwar gida ta tsaya gefe da zaninta a baki. Na juye minjiryar a baho. Ta kwanta a ƙasan ruwan shiru, ko motsi ba ta yi. Yaya ya yi bisimilla ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya tsoma. Ruwan bai wuce ƙwaurinsa ba.

Na miƙa karan na ɗan taɓa wutsiyarta, a hankali, ina fatan kada ta yi komai. Ba ta yi ba.

Ya ce, "Zungure ta mana. Shafa ta kake yi kamar amarya?"

Na sake taɓawa. Ta ɗan matsa gefe.

"Kai, ciwon a nan yake, ba a diddige ba," in ji shi, ya bugi cinyarsa. Kafin in gane abin da yake nufi ya sunkuya ya sa hannu biyu a ruwan ya cafke ta zai ɗora a kan kumburin.

Ban ji ƙara ba. Abin da na gani shi ne jikinsa gaba ɗaya ya miƙe ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, haƙoransa suka haɗu. Ya tafi da baya daga kan turmin, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Bahon ya kife. Minjiryar ta faɗo tana birgima a cikin ruwan da ya malale. Uwar gida ta rugo ba takalmi, ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasar, ita ma ta yi ƙara ta faɗi zaune. Na sa kara na shure kifin can gindin katanga, na durƙusa a kansa.

Idanunsa a buɗe, baƙin ya tafi sama. Jini yana fitowa ta gefen bakinsa. Ƙirjinsa ba ya motsi. Na kifa kunnena a kai, ban ji komai ba sai bugun tawa zuciyar. Uwar gida ta fara salati da irin muryar da mata ke yi in an yi rashi. Ni kuwa abu ɗaya ke yawo a kaina: ni na kamo ta, ni na ciyar da ita, ni na kashe shi. Na ga kaina a gaban 'ya'yansa, na ga kaina a gaban liman ana tambaya ta yadda aka yi. Na kama kafaɗunsa ina jijjigawa, ina bugun ƙirjinsa da tafin hannu, ina kiran Yaya, Yaya, kamar ranar da ya tura ni tsakiyar ruwa a kan gora. Ban san tsawon lokacin ba. Uwar gida ta ce bai kai a karanta Fatiha sau uku ba. Ni a wurina ya fi yini.

Sai ya ja wani numfashi mai ƙara, kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ya yi tari, ya tofar da jini. Harshensa ya ciza. Muka ɗauke shi muka kai inuwa. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Auta."

Na ce na'am.

"Babu."

"Mene ne babu?"

"Ciwon. Babu shi."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ya sa aka kawo masa ruwa ya kurkure baki. Da aka kira azahar ya yi taimama ya yi sallarsa a zaune, idonsa biyu, ya daɗe yana addu'a. Ya sha fura rabin ƙwarya. Ya tambayi labarin shinkafar da ruwa ya ci, har ya ce a dawo da yara ya gan su. Ya kuma ce in ɗauke minjiryar in mayar randa kada rana ta kashe ta, na sa ƙwarya na kwashe ta na mayar. Da bai ji sauƙi ba da zancen ya mutu a nan. Sauƙin nan da ya ji shi ya fi komai tayar mini da hankali.

Kafin la'asar ciwon ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Aka sake kwashe yara. Cikin gurnanin ya kamo rigata ya ce, "Gobe da safe a sake. Ka ba ta abinci. Ka ji ni? Ka ba ta ta ƙoshi."

Na fita na hau tudun bayan masallaci, nan ne kawai muke samun sabis, na kira malamin dabbobi na faɗa masa komai.

Sai ya ce, "Inna lillahi. Kai, kun haukace ne a gidan nan? Da hannu biyu ya kama ta?"

Na ce da hannu biyu.

"To ta ƙirjinsa ta bi. Zuciyarsa ce ta tsaya, Allah ya tashe ta. Wutar da suke sa wa ɓera aunata ake yi, ba ta kai ta sa ka ƙifta ido ba. Kai kuma ka ɗauko abin da ke kayar da saniya a mashaya ka ba mutumin da ya rame ya zama kara."

Na ce, "Amma ya ce ciwon ya tafi. Na ga ya yi salla, ya sha fura."

"Ko ni na zo na kwaɗa maka mari mai kyau, za ka manta da ciwon haƙori na ɗan lokaci. Ka sake yi gobe, ba lallai ya tashi ba. Ina gaya maka, ba wasan Fulani da Barebari nake yi ba." Muryarsa ta sauka. Ya ce, "Bakina ne ya jawo. Hira kawai nake yi masa." Sannan ya ce in ɗauki takardar in je asibiti, in faɗa wa likita gaskiya cewa barcin ne mutumin ba ya so saboda salla, wataƙila su rage awon ko su canja lokutan sha. Ya ce shi bai sani ba ko za a iya, shi na shanu ne, amma in tambaya.

Na sauko ana shirin magariba. Uwar gida tana wanke bahon a bakin rijiya, tana ɗan ɗingisa ƙafar da aka ja. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Uwar gida, me kika ce?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kada ka yi ba. Na ga idonsa da safe, na kuma ji shi yanzu. Kai ma ka gani, ka ji." Ta kife bahon. "Shekara talatin da biyar ban taɓa tsallake maganarsa ba. Kai ma haka. Sai dai wani ya fara."

Ban ba kifin abinci ba. Barci ma ban yi na kirki ba.

Da gari ya waye, bayan an fito masallaci, na sa takalmin roba na je bayan ɗaki na karkata randar na juye ta a bokiti. Babu wata hanyar fita sai ta gaban ƙofarsa. Na so in wuce da sauri, amma labulen a ɗage yake, yana kwance yana fuskantar waje, ya kwana yana jira.

"Ina bahon?"

Na tsaya. Na ji idona yana neman ƙafata, na hana shi.

"Ina za ka da ita, auta?"

Na ce, "Kogi."

"Dawo da ita."

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya yi ƙoƙarin tashi a kan gwiwar hannu ya kasa. Na ce masa Haɗeja za ni, zan karɓo maganin, zan roƙi likita ya rage masa ƙarfi don ya riƙa samun sallolinsa, in kuma bai yiwu ba ni zan zauna kusa da shi in riƙa tashinsa duk lokacin da aka kira. Na ce in ya ga dama ya zubar da kwalbar, wannan nasa ne. Amma hannuna ba zai sake kawo masa wannan kifin ba.

Ya ce, "Ashe kai ma za ka bar ni da shi." A hankali ya faɗa. Wata biyu ya ƙara a duniya bayan wannan, mun yi maganganu da yawa, amma wannan ce ta zauna mini.

Na wuce. A bakin ruwa na tarar da takardar asibitin a naɗe cikin leda, an danne ta da filafilina a cikin jirgi. Ban ga lokacin da uwar gida ta kai ta ba. Na cusa ta a aljihu, na tura jirgin. Sai da na wuce kacala na fita sarari inda ruwa ke da zurfi, sannan na karkata bokitin a gefe. Ta ɗan tsaya a saman ruwan, ta juya cikinta, ta nutse. Na ɗauraye bokitin, na juya kan jirgin wajen bakin kwalta, na fara tuƙi.